Hatimin Ranar Tara ga Wata

12 ga watan biyu

Ƙanena Ɗan Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe bai sa ka a ido ba. Ka gaishe min da Baba, da Malama, da 'yan matanmu biyu. Yaya ƙirjin Baba? Har yanzu hayaƙin masu waldar ƙasan benenku yana tayar masa da asmar? Allah ya ba shi lafiya.

Mu nan sai godiya, in ban da jikin Antinka. Likita ya mayar da wankin ƙodar sau biyu a mako, kuma ka san injin yana babban asibitin da ke can wajenku. Awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa, cikin motar haya. Ranar da muka dawo, sai an riƙe ta take iya shiga ɗaki.

Za ka ce don me ban kira ka ba. To, mu ma'aikatan gidan waya, in ba mu rubuta wa juna wasiƙa ba, wa zai rubuta? Ban da haka, maganar ba ta tsaye ba ce.

Ko da yake ni na kai ka aikin nan, yanzu matakinmu ɗaya. Ka san doka ta yarda ma'aikata biyu masu mataki ɗaya su yi musayar wurin aiki, in duka sun sa hannu. Abin da nake roƙo ke nan. Ka zo ka riƙe ofishina, ni in koma teburinka na birni, kusa da asibiti.

Ofishin ƙarami ne, kai kaɗai ne shugaba, kai ne ma'aikaci. Kanta ɗaya, sikeli, akwatunan wasiƙa ɗari da ashirin, motar jakar wasiƙu tana zuwa Litinin da Alhamis. A bayansa akwai gidan ma'aikaci, ɗaki uku da tsakar gida da famfo, ga bishiyar lemo. Garin a kan tudu yake, inda kwalta ta ƙare. Iskarsa kuwa, ina jin Baba zai manta inda ya ajiye abin shaƙarsa.

Na daɗe ina roƙon Allah ya nuna min mafita, kuma duk sanda na shafa addu'a kai kake faɗo min a rai. Kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito. Mutane suna cewa dangantakar ta yi nisa, ni dai ban taɓa ganin nisanta ba.

Ka yi shawara, ka nemi zaɓin Allah. Amma kar ka daɗe.

Yayanka,
Dogo

*

27 ga watan biyu

Yaya Dogo,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same mu lafiya ƙalau, sai tarin Baba da ka sani. Ya ce a gaishe ka, a yi wa Anti sannu. Wallahi labarin jikinta ya taɓa mu. Malama tana karantawa tana share ido da bakin mayafi.

Kai, Yaya! Ka jefa gidanmu cikin taro. Mako biyu ba a maganar komai sai musaya. Babbar 'yarka ta ce ita ba ta barin ƙawayenta ko za a yanka ta. Auta kuwa tambayarta ɗaya, wai in ta tsinki lemon nan ba wanda zai dake ta? Baba kuwa sai na kama shi yana ninke rigunansa.

Inda abin ya yi nauyi wajen Malama ne. Shekara tara tana koyar da 'yan aji ɗaya a makarantar nan, har an fara yi mata maganar mataimakiyar shugaba. Na ce mata ban isa in tilasta ta ba. Muka yi istihara, ni da ita, kwana bakwai a jere. Ni dai ban yi mafarkin komai ba, ka san ni da barcin asara. Amma duk safiya sai in tashi in ji ƙirjina sakayau. Ita ma ranar ta bakwai tana haɗa wa yara karin kumallo ta ce, “Baban yara, mu tafi. In Allah ya zaɓa mana, ba zai tozarta mu ba.”

Na cika takardar, na sa hannu, ga ta nan a ciki. Na karanta layin da ya ce in an amince ba a warwarewa, na yi dariya. Da wa zan warware? Da mutumin da ya kama hannuna ya koya min riƙon hatimi? Har gobe ina tuna ranar da na fara aiki, na buɗe takardar hedikwata kafin in shigar da ita littafi, ka ƙwace ta ka ce, “Ɗan Kaka, takarda ko ta mutuwarka ce, ka fara shigar da ita littafi, ka buga mata hatimi, sannan ka zauna ka yi kuka.” Duk sabon ma'aikacin da aka kawo mana sai na faɗa masa wannan.

Teburina yana kusa da taga. Ka lallaɓa aljihun hagu, sai an ɗaga shi yake buɗewa.

Ƙanenka,
Ɗan Kaka

*

6 ga watan uku

Ɗan Kaka,

Gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Antinka tana godiya, ni ma haka. Allah ya saka maka da alheri. Na sa hannu na tura.

Shawara biyu. Kar Malama ta yi saurin ajiye aikinta. Ta nemi hutun shekara ɗaya tukuna, ko ta zauna da yaran har ƙarshen zangon karatu. Na biyu, in kun zo kar ka zuba ƙarfinka wajen gyaran gidan. Gidan hukuma ne, ba naka ba. Ku zauna a yadda kuka same shi.

Ka riƙa tuna cewa komai na duniya mai wucewa ne.

Dogo

*

20 ga watan biyar

Yaya Dogo,

Sallama da gaisuwa daga bayan kantarka, wadda ta zama tawa. Da fatan Anti tana samun sauƙi, kuma kun saba da hayaniyar masu walda, tunda yanzu ku ne a benenmu. In sun dame ku, ka yi wa babbansu magana, mai gemun nan, yana da kirki in ba yunwa yake ji ba.

Yaya, Allah ya yi mana zaɓi! Baba ya yi kwana arba'in bai taɓa abin shaƙarsa ba. Mutumin da hawa bene ke gagara, yanzu shi ke zagaya tudun nan da sanda bayan la'asar, har ya yi abokai a bakin shagon mai gyaran rediyo. Jiya na ji shi yana yi wa Auta waƙa. Rabona da jin muryarsa a waƙa tun mahaifiyarmu tana raye.

Shawararka biyu kuwa, ka yi haƙuri, duka mun karya. Na karanta wa Malama, ta ce, “Yaya Dogo har yanzu kallon yara yake yi mana, yana tsoron za mu kasa zaman ƙauye mu gudo.” Ta ce ita ba ta iya raba ƙafa, kuma ba za ta riƙe wa wata gurbi ba alhali ta san ba ta dawowa. Ta ajiye aikin, 'yan ajinta suka yi ta kuka, har an ɗauki wata. Shugaban makarantar nan ya ce ta jira sabuwar shekara.

Gidan ma ban iya haƙuri ba. Ɗakin tsakiya yana yoyo, kai ma ka sani, na ga tabon bokiti a siminti. Na canja kwano huɗu, na yi fenti, Malama ta shuka tumatir da alayyafo a gindin famfo, Baba ya dasa mangwaro biyu. Na ce masa sai shekara biyar za su yi 'ya'ya. Ya ce to ina za mu?

Aiki ba yawa. Tsofaffi masu fansho, 'yan ƙungiyar manoma da ke aiko da takardunsu, da wata tsohuwa mai akwati na sha bakwai da ke zuwa kullum ta duba ko ɗanta ya rubuto. Ta ce in gaishe ka.

Af, tambaya ɗaya. Ina jera fayil ɗin takardun hedikwata, sai na ga daga lamba arba'in da ɗaya ya yi tsalle zuwa arba'in da uku. Ɓera ne ya cinye arba'in da biyu, ko tsufa ya fara kama Yayana? In ta bi ka cikin kaya, ka sako min ita a jakar Alhamis.

Naka,
Ɗan Kaka

*

14 ga watan takwas

Yaya,

Ina gaishe ka, don an koya min gaisuwa. Baba da yara lafiya. Ina fatan Anti tana samun sauƙi, wannan kam har zuciyata.

Wata uku ke nan ba amsa. Na rubuta sau biyu. Na hau kan tudu inda ake samun layi na kira ka ya fi sau goma, tana shiga ba ka ɗauka. Na yi ta ba ka uzuri, ina cewa jinya ce.

Ranar Litinin jaka ta zo da takardar hedikwata. Na shigar da ita littafi, na buga hatimi, na buɗe. Kanta ya ce “Tunatarwa”. Wai kamar yadda aka sanar a takarda mai lamba arba'in da biyu, za a rufe ƙananan ofisoshi goma sha ɗaya ranar ƙarshe ta watan goma, har da wannan. Ma'aikatan da ke riƙe da su za a sallame su. Gidajen kuma a miƙa makulli.

Na karanta sau uku a tsaye. Wallahi ko a lokacin ban zarge ka ba. Cewa na yi takardar ta ɓace a hanya, Yaya bai gan ta ba. Don in wanke ka na jawo littafin shigar takardu na farkon shekara daga ƙasan kabad.

Tana nan, Yaya. Lamba arba'in da biyu, daga hedikwata, a kan batun rufe ofisoshi. Rubutunka ne, mai kwanciya dama. Sa hannunka ne. Ga hatimi raɗau, tara ga watan biyu. Na ɗauko wasiƙarka ta farko, wadda Malama ta adana a cikin akwatinta saboda daɗin da ta yi mana. Sha biyu ga watan biyu. Kwana uku tsakani.

Ka cire takardar daga fayil, amma hannunka ya riga ka. Shekara ashirin da shida kana shigar da takarda kafin ka buɗe ta, ranar nan ma haka ka yi.

Ka san me ya fi ƙona min rai? Ba aikin ba ne, ba gidan ba ne. Ka sa sunan Allah a ciki. Ka ce in ka shafa addu'a ni nake faɗo maka a rai. Ashe ba ƙanenka ne yake faɗo maka ba, mai mataki ɗaya da kai ne, wanda ba zai yi bincike ba. Ka ce in nemi zaɓin Allah, alhali ka riga ka zaɓa min. Kwana bakwai ni da matata muna ɗaga hannu, kai kana can kana jiran sa hannu.

Yanzu na sake karanta 'yar wasiƙarka ta watan uku. Kar Malama ta ajiye aiki, kar in gyara gida, komai mai wucewa ne. Mu wawaye muka ɗauka kulawa ce, har muna yi maka dariya.

Malama ba ta yi kuka ba, na fi son a ce ta yi. Ta je gindin famfo ta tsaya tana kallon tumatirinta, sannan ta shiga ɗaki. Tun ranar, in ban da “ga abinci” ba ta ce min komai ba. Baba ban faɗa masa ba tukuna. Da wane baki?

Ka ba ni amsa. Ko ƙarya ce ka rubuto, ina son in ga yadda za ka jera ta.

Ɗan Kaka

*

25 ga watan takwas

Ƙanena,

Na karɓi gaisuwarka, ko da yake na san ban cancance ta ba. Antinka tana nan, jiya aka yi mata wanki, ta ɗan ci abinci.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Na ga takardar. Na shigar da ita, na buɗe, na zauna a kujerar nan da kake zaune har aka rufe kasuwa ban motsa ba. Ka san katin asibitin Antinka na ma'aikata ne. Ranar da aka sallame ni, ranar katin ya mutu. In katin ya mutu, ba inji. Likita ya gaya min tsawon lokacin da mutum yake yi ba wanki, kwanaki ne, ba watanni ba. A shekaruna wa zai ɗauke ni wani aikin? Kai kuwa da sauran ƙarfinka, ga ilimi, ga Malama da aikinta. Na ce in ta riƙe nata, za ku tsaya da ƙafa ɗaya kafin ka samu wani. Shi ya sa na rubuta maka kar ta ajiye. Na gargaɗe ka, Ɗan Kaka, iyakar yadda na iya. Ku ne ba ku ji ba.

Kuma na yi zaton ba za a rufe ba. Sau nawa hedikwata ta ce za ta yi abu ta fasa?

Za ka ce don me ban faɗa maka gaskiya na roƙe ka ba. Na ɗauki biro sau uku. Tsoro na ji. In ka ce a'a fa? Kuma da ka ce a'a, da gaskiyarka. To daga nan sai in kalli Antinka in ce mata me?

Maganar addu'a kuwa, ban yi ƙarya ba. Na roƙi Allah, kai ka faɗo min. Kuma ka duba, ba ga Baba ya warke ba? Kai da bakinka ka ce Allah ya yi muku zaɓi. Wataƙila ta hannuna ya so abin ya biyo, ko da hannun ba mai tsabta ba ne.

Kiranka ina gani. Kunya ce ta hana ni ɗauka.

Abu ɗaya nake roƙo. Za a turo sufeto ya ƙirga kayan ofis kafin rufewa. Littafin nan, ba sai ya ga wannan shafin ba. Antinka ba ta san komai ba. Ka rufa min asiri don darajar kakanninmu.

Yayanka mai laifi,
Dogo

*

10 ga watan tara

Yaya,

Lafiya muke. A gaishe da Anti.

Ka gargaɗe ni? Haba! Mutum ya haƙa rami a ƙofar ɗakinka, ya rufe da tabarma, ya ce maka ka riƙa tafiya a hankali, shi ne gargaɗi? Har kana cewa mu ne ba mu ji ba. Wato yanzu laifin Malama ne.

Kuma kar ka ƙara jingina abin da ka yi da Allah. Lafiyar Baba kyautar Allah ce, ba ladan aikinka ba. Ka hana ni abu ɗaya da yake haƙƙina, in ji gaskiya in zaɓa da kaina. Ban sani ba ko da na yarda. Wallahi ban sani ba. Amma kai ma ba ka sani ba, kuma yanzu ba wanda zai taɓa sani.

Shafin da kake so in ɓoye, ka makara, kuma ko ba ka makara ba ni ba na yage littafin hukuma. Kai ka koya min. Sufeto ya zo ranar Alhamis. Ya ƙirga akwatuna, ya gwada sikeli, ya buɗe littafin da kansa. Da ya iso tara ga watan biyu ya ɗaga kai ya ce, “An gaya maka wannan kafin ka sa hannu?” Na ce a'a. Ya cire tabarau ya ce shi ba ruwansa da abin da ba a kawo ƙara ba, amma doka a fili take. In na rubuta ƙorafi ya fita da hatimin ofishin nan kafin ranar rufewa, za a soke musayar. Ni in koma teburina. Wanda ya ɓoye takarda kuma a kore shi.

Na gaya wa Malama. Karon farko cikin wata guda ta dube ni ido cikin ido, ta ce, “To me kake jira?”

Na gaya wa Baba komai. Ya ɗauki butarsa ya je ya ba mangwaronsa ruwa.

Na fara rubuta ƙorafin. Ina sanar da kai ne don ni ba na yi wa mutum abu a ɓoye.

Ɗan Kaka

*

2 ga watan goma

Ƙanena, Baban yara,

Antinka ce. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ake sa min allura ne. Ina gaishe da Baba, da ƙanwata Malama, da 'ya'yana.

Na tsinci wasiƙunka a aljihun rigar Yayanka zan ba da wanki. Na karanta duka. Na tambaye shi, ya durƙusa yana kuka kamar yaro. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ashe duk wankin da ake min tun watan huɗu, da abincin 'ya'yanka ake yi.

Ban rubuto don in roƙe ka ba. Ka tura takardarka. Haƙƙinku ne, kuma ba na son in je gaban Allah da shi a wuyana. Rai ba a hannun inji yake ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba, amma ka tura.

Ka ce wa Malama na san abin da aji yake a wurinta. Ta yafe min.

Labulen da ta bari a tagar ɗaki yana nan, ina wanke shi.

Antinka

*

31 ga watan goma

Yaya Dogo,

Assalamu alaikum. Baba lafiya, yara lafiya, Malama lafiya. Ka gaishe min da Anti, ka ce mata wasiƙarta ta iso, kuma ba ta da laifin da za a yafe mata.

Yau aka rufe. Na kwance akwatuna ɗari da ashirin, na ɗaure makullansu. Tsohuwa mai akwati na sha bakwai ta zo ta duba na ƙarshe, ba komai a ciki. Ta tambaye ni in ɗanta ya rubuto yanzu ina za ta je. 

Ƙorafin na gama shi tun makon jiya, shafi uku, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Na sake yin istihara a kansa. Wannan karon ba wani sakayau da na ji, ƙirjina kamar an ɗora dutse, ko na ce zan tura, ko na ce zan fasa. Har na fara cewa ko dai wancan sauƙin da na ji a watan biyu ruɗin kaina ne. Baba ne ya tsawatar min. Ya ce, “Kai da ka roƙa, cewa ka yi a zaɓa maka alheri, ko cewa ka yi a zaɓa maka daɗi?” 

Na miƙa wa Malama wasiƙar Anti, don ita ta fi kowa asara, ba ni da ikon yanke hukunci ni kaɗai. Ta karanta a gindin famfo. Sai a ranar ta yi kukan da ta riƙe wata biyu. Da ta gama ta ce, “Ni ban yafe masa ba. Amma ba zan zauna a ɗakin nan na bene ina kallon labulena, na san mu muka cire Anti daga kan inji ba.”

Yau da rana motar jaka ta zo ɗaukar ta ƙarshe. Na sa ƙorafin a ambulan, na rubuta adireshin hedikwata, na auna shi, na manna kan sarki. Direba yana ta danna ham. Ka san abin da ya shiga jaka ba ya fitowa. Na tsaya da shi a bakin jakar, ban saka ba. Sai na ce wa direban ya ba ni rabin awa, na zauna ina rubuta maka wannan.

Kar ka ce na yi don kai. Kar kuma ka je kana gaya wa dangi cewa mun shirya, ba mu shirya ba. In mun haɗu a wajen suna ko jana'iza zan gaishe ka, iyakarta ke nan. Allah bai yaudare ni ba, Yaya. Kai ka yaudare ni. Wata uku na yi kafin in iya raba biyun nan, kuma na kusa rasa na farkon saboda kai.

Ba za mu bar garin ba. Baba ya ce sai dai a fitar da gawarsa. Mun kama ɗaki biyu a bayan shagon mai gyaran rediyo, ba famfo. 'Yan ƙungiyar manoma sun ce suna son mai riƙe musu sikeli da littafi lokacin girbi. Wata huɗu ne a shekara, sauran takwas ɗin ban san yadda za a yi ba. Makarantar nan ta ce ba gurbi bana, don haka Malama ta tara yara shida tana koya musu karatu a baranda. Jiya ni da Baba muka tono mangwaron biyu muka sa a bokiti. Ɗaya ya riga ya langaɓe. Lemon kuwa Auta ta tsinke shi tas, har ɗanyen.

Kar ka rubuto nan, ba sauran akwati.

In ka buɗe wannan za ka ga wani ambulan a ciki, mai adireshin hedikwata, da kan sarkinsa, ba hatimi. Shi ne ƙorafin. Naka ne. Hatimin da ke bayan wannan wasiƙar shi ne na ƙarshe da ofishin nan ya buga, daga shi zan miƙa wa sufeto.

Ka san yadda ake yi. Ka fara shigar da shi littafi, ka buga masa hatimi, sannan ka zauna.

Ɗan Kaka